Kundin aikin shirina kan masu ɗora wa katun murya

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau dai na fara. Kusan shekara biyu ke nan ina cewa zan yi shirin sauti a kan mutanen da suka ɗora wa katun ɗin yarintarmu murya, kullum uzurina shi ne sai na samu kayan aiki na kirki. Na ga idan na biye wa wannan sai furfura ta riga ni. Bayan azahar na shiga kasuwar waya na sayo makirfo irin wanda ake maƙalawa a wuyan riga, naira 9,500, da abin kunne na 4,000. Kwamfuta tsohuwar nan tawa ce wadda batirinta ba ya kai minti arba'in. Manhajar tace sauti kuwa Audacity, kyauta ake sauke ta.

Abin da ya dasa mini wannan tunani ba wani babba ba ne. Muna yara muna cincirindo a falon maƙwabta muna kallon Tom and Jerry, duk sanda aka take wa magen nan wutsiya ya ƙwala ihu sai mu tuntsire da dariya. Ban taɓa kawowa a raina cewa wani magidanci ne ya tsaya gaban makirfo ya yi wannan ihun ba. Sai da na girma na ji ashe William Hanna ne da kansa, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro katun ɗin a kamfanin MGM a 1940. Tun ranar, duk katun ɗin da na gani sai in ji ina son sanin bakin wa nake ji.

Kashi biyar nake son yi, kowanne minti goma sha biyu zuwa sha biyar, in riƙa turawa a WhatsApp da Facebook. Disney da mutanensa na farko, sai agwagwar nan Donald Duck shi kaɗai, sai Popeye da Betty Boop, sai Mel Blanc, sai matan da aka ɓoye sunayensu. Dole in gama kafin azumi, don busasshen maƙogwaro ba zai yi kukan agwagwa ba.

Talata, 7 ga Janairu

Karatu kawai. Data ta 3,000 ta tafi a kallon tsofaffin katun marasa launi. Na cika shafi shida na littafin rubutu.

Wata matsala da ban yi tunaninta ba: yawancin waɗannan finafinai har yanzu mallakar kamfanoni ne, ba zan yanko muryoyin in zuba a shirina yadda na ga dama ba. Steamboat Willie na 1928 ya zama na kowa a Amurka tun 1 ga Janairun 2024, shi zan iya taɓawa. Popeye na zanen jarida, na 1929, ya bi sahu a farkon watan nan, amma a jarida ba shi da murya. Ke nan sauran sai dai in kwaikwaya da bakina.

Asabar, 11 ga Janairu

Gwajin farko, kuma asarar yini guda.

Na zauna a ɗakina ƙarfe goma na safe, na karanta gabatarwa ta minti uku, na ji daɗin kaina sosai. Da na sa abin kunne na saurara sai na ji duk unguwarmu a ciki. Injin markaɗen gidan baya, mai tallan kalanzir, ɗan adaidaita sahu yana ta oda, har da zakaran Inna da na rantse ban ji carar sa ba lokacin da nake magana. Kunne yana tace wa mutum hayaniyar da ya saba da ita, makirfo kuwa ba ya sani ba ya sabo. Na bari sai bayan isha'i. Ina fara magana aka ɗauke wuta, maƙwabci ya tayar da janareta. Ƙararsa ta shiga ƙarƙashin muryata kamar kukan ƙudan zuma, na sa manhajar ta cire, ta cire ɗin, amma ta bar ni da murya kamar ina magana daga cikin rijiya.

Wani abokina ya ce in manna kiret ɗin ƙwai a bango. Na sayo guda ashirin a 2,000, na ɓata fenti da salatif, ban ji wani bambancin a zo a gani ba. Ƙarar waje ta ci gaba da shigowa abinta.

Lahadi, 12 ga Janairu

An samu mafita. Na kwashe takalma daga ƙasan durowar kaya, na shiga na zauna a kan kujera 'yar tsugunno tsakanin manyan riguna, na rataya bargo a ƙofa. Tufafin sun shanye amsa-kuwwa tas. Lokaci kuma daga sha biyun dare zuwa biyu. Allah ya sa hunturu ne, da a watan Afrilu ne da sai dai a fito da ni a sume.

Asabar, 18 ga Janairu

Na naɗi kashi na ɗaya. Sau huɗu na maimaita rabin farko.

Na buɗe da ranar 18 ga Nuwamba, 1928, a gidan kallo na Colony da ke birnin New York, inda aka fara nuna Steamboat Willie. Mickey, ɓeran da ke cikin katun ɗin, bai faɗi kalma ko ɗaya ba, fito ne da 'yan tsuwa-tsuwa, kuma mai kamfanin ne da kansa, Walt Disney, ya yi tsuwar. Shi ya ci gaba da riƙe muryar ɓeran, yana siranta ta kamar ta ƙaramin yaro, har 1947, lokacin da ya miƙa wa Jimmy MacDonald, wanda asalin aikinsa haɗa ƙararraki ne, irin su ƙarar jirgin ƙasa da rufe ƙofa da saukar ruwan sama. Na gwada siririyar muryar a cikin durowa. Jimla biyu lafiya lau, ta uku sai ta karye ta koma tawa. Mutumin da ke shan taba kamar Disney, ban san yadda ya yi shekara goma sha tara a kanta ba.

Wanda ya fi tafiya da ni a wannan kashi shi ne Pinto Colvig. Mutumin jihar Oregon ne, ya yi yawo da 'yan wasan sarkis yana barkwanci da busa sarewa kafin ya shiga harkar zane. Dariyar nan ta Goofy mai kama da shaƙuwa tasa ce, an fara jin ta a 1932 tun ana kiran karen Dippy Dawg. Shi ne mai haushin Pluto. A Snow White kuma shi ya yi biyu daga cikin wadannin nan bakwai, masifaffen da mai gyangyaɗin. Abin da na lura, babu ɗayansu da ya je makarantar koyon wannan sana'a, don lokacin babu sana'ar ma. Wanda ya iya wani abin ban dariya da bakinsa a wurin aiki, shi ake jawowa gaban makirfo. Irin mutanen nan ne da kowace majalisa take da guda, mai kwaikwayon limamin unguwa da mai sayar da maganin gargajiya a tasha.

Minti 13 da daƙiƙa 40 bayan tacewa.

Laraba, 22 ga Janairu

Na saki kashi na ɗaya a zaure uku na WhatsApp. Mutum goma sha ɗaya sun yi magana. Wani ya ce muryata ta yi ƙasa, sai ya kara wayar a kunne. Gaskiyarsa. Zan ƙara ƙarfin sautin a na gaba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Ban yi aiki ba yau, amma kwanan watan ya sa na rubuta. Rana irin ta yau a 1961 Mel Blanc, mai muryar zomon nan Bugs Bunny, ya yi mummunan haɗarin mota a wata kwana da ke titin Sunset a Los Angeles. Ya karye a ƙafafu biyu da ƙugu, ya yi kusan mako biyu cikin doguwar suma. Labarin da shi da ɗansa suka riƙa bayarwa shi ne, an yi ta kiran sunansa bai motsa ba, sai wani likita ya gwada gaishe shi da sunan Bugs Bunny, sai ya amsa da muryar zomon. Na rasa inda zan sa wannan a kashi na huɗu. Idan na buɗe da shi, ya cinye sauran labarin. Idan na rufe da shi, ya yi kama da tatsuniya. Wanda ya fi burge ni ma shi ne abin da ya biyo baya: ana tsakiyar yin The Flintstones, shi ne muryar Barney Rubble, sai Daws Butler ya riƙe masa na 'yan makonni, daga baya aka kwaso kayan naɗi aka kafa a gefen gadonsa, abokan aikinsa suka kewaye shi, yana kwance cikin filasta yana aiki.

Talata, 28 ga Janairu

Kwana huɗu ina kokawa da agwagwa.

Na ɗauka a maƙogwaro ake yin muryar Donald, shi ya sa na kwana biyu ina shaƙe wuya ina tari a banza. Ashe ko kusa. Iska ake tarawa a cikin kunci ɗaya, tsakanin kumatu da haƙoran sama, sai a matse ta da naman kuncin ta fito ta wata 'yar kafa, harshe da leɓe kuma su yanka ta zuwa kalmomi. Maƙogwaro yana hutawa abinsa. Ranar Lahadi da daddare na samu ƙarar farko, wani "kwak" guda ɗaya, na yi murna kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Daga nan zuwa furta kalma kuwa tafiya ce mai nisa. Na zaɓi "sannu da zuwa" in gwada da ita. "Sa" tana fita, "zu" tana fita, "nn" ɗin tsakiya ta ƙi, kuma iskar kuncin ba ta kai ƙarshen jimla sai ta ƙare. Yau da safe na kasa tauna ƙosai da ɓangaren dama.

Jiya wajen ɗayan dare Inna ta ƙwanƙwasa ƙofa. "Kai, lafiya? Wani abu ne ya shigo maka ɗaki?" Na ce lafiya lau Inna, aiki nake. Ta tsaya jim, ta ce, "Allah ya shirya," ta koma.

Clarence Nash, mai muryar Donald na asali, ya yi wannan aiki shekara hamsin da ɗaya. Haifaffen wani ƙaramin gari ne, Watonga, a jihar Oklahoma, a 1904, inda ya taso yana kwaikwayon kukan dabbobin gona. A Kalifoniya wani kamfanin madara mai suna Adohr ya ɗauke shi yana zagaya makarantu yana yi wa yara kukan tsuntsaye don talla. Muryar da ta zama ta Donald ma ba don agwagwa ya ƙirƙire ta ba, ɗan akuya yake kwaikwayo yana rera wata waƙar yara. Disney ne ya ji ya ce agwagwarsa ke nan. Aka fara jin ta a watan Yunin 1934. Abin da ya ƙara mini girmansa bayan wahalar da na sha a kan "sannu da zuwa" shi ne, idan za a kai fim ɗin ƙasashen waje, shi ɗin dai ake rubuta wa kalmomin Sifaniyanci ko na Fotugal yadda ake furta su, ya yi su da muryar agwagwa, alhali ba ya jin harsunan.

Na yanke shawara: a shirin zan yi "kwak" ɗina guda biyu, in bayyana yadda ake yi, in faɗa wa masu sauraro gaskiya cewa iyakata ke nan.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kashi na biyu ya fita ranar Alhamis, minti 11. Ya fi na farko karɓuwa, kuma na san "kwak" ɗin ne ya jawo, ba tarihin ba.

Yau kuma na yi wa kaina illa. Muryar Popeye, matuƙin jirgin ruwan nan mai cin alayyafo, ita kam a maƙogwaro take, can ƙasa, kamar ana jan buhun tsakuwa a kan siminti. Na yi kusan awa ɗaya ina gurza ta ba ruwa a kusa, ga ƙurar hunturu. Da na fito daga durowa na buɗe baki zan amsa sallama, sai iska. Murya ta dishe gaba ɗaya. Ni da ke shiga aji ranar Litinin in tsaya gaban yara sittin.

Zuma ƙaramar kwalba 2,500, citta da kanumfari da lemon tsami 700.

Tunda ba halin magana, na zauna na gyara rubutun. Wanda ya fara yin Popeye a 1933 Billy Costello ne, kamfanin 'yan'uwan nan Max da Dave Fleischer suka sallame shi bayan shekara biyu. Wanda ya gaje shi, Jack Mercer, ƙaramin ma'aikaci ne a sashen zane, aka ji shi yana kwaikwayon muryar don nishaɗi, aka ce zo nan. Ya riƙe ta kusan shekara hamsin, har rasuwarsa a 1984.

Akwai wani bambanci da nake son masu sauraro su kama. A wurin Disney murya ake fara naɗa, sannan masu zane su zana baki ya bi ta. Su Fleischer a New York sau da yawa sai an gama zanen ake ɗora murya. Shi ya sa a tsofaffin Popeye za ka ji yana ta gunaguni ƙasa-ƙasa, yana sakin zance mai ban dariya, bakinsa kuwa a rufe. Mercer ne ke cusa nasa a duk inda ya ga fili. Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa ya san wannan salo, inda mai fassara zai jefa wata magana da jarumin bai faɗa ba, kuma ita ce za a yi ta maimaitawa a gari. Da wannan misali zan buɗe kashi na uku.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Murya ta fara dawowa. Kwana uku ina rubuta wa yara komai a allo ina nuni da hannu. Ba naɗi wannan makon.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na roƙi ƙanwata da ta zo hutun ƙarshen mako daga makaranta ta yi mini muryoyin mata, Betty Boop da Olive Oyl, budurwar Popeye. Ta ce sai na saka mata kati na 1,000. Na saka. Durowar ba ta ɗaukar mutum biyu, don haka ita ta shiga, ni na zauna a waje da kwamfuta, wayar makirfo ta bi ta ƙarƙashin bargo. Ta ba ni mamaki. Sau biyu kawai ta saurari Olive Oyl ta kama wannan rawar muryar mai kama da ta wadda ta ga ɓera a ɗaki. Muka yi awa ɗaya da rabi, har da hirar da ba na cikin rubutu, wadda ta fi rubutun daɗi.

Da ta tafi ta kwanta na sa abin kunne. Muryarta can nesa kamar daga gidan maƙwabta, tawa kuwa da tarina da motsin kujerata raɗau. Na duba, ashe tun farko manhajar ba ta ɗauki makirfon riga ba, da ɗan makirfon jikin kwamfutar ta yi ta naɗa. Jiya na cire shi na sa a waya, da na mayar ban duba ba, kuma ban yi gwajin minti ɗaya na saurara ba kafin mu fara. Laifina ne ɗari bisa ɗari. Awa ɗaya da rabi ta tafi, ita kuma da sassafe za ta koma.

Na tashe ta bayan asuba. "Haba Yaya, yanzu fa?" Muka sake cikin minti arba'in kafin injin markaɗe ya tashi. An samu abin da ake so, amma hirar nan ta jiya ba ta dawo ba, muryar mai barci ce ke karanta takarda.

Na rubuta da babban baƙi na manna a murfin kwamfuta: GWADA KA SAURARA.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Kashi na uku ya fita shekaranjiya, yau na sha gyara.

A cikin shirin na ce Mae Questel ce muryar Betty Boop ta farko. Wata baiwar Allah da ban sani ba, a ɗaya daga cikin zaurukan, ta rubuto cikin ladabi cewa in sake dubawa. Na duba, ita ce da gaskiya. Lokacin da Betty ta fara fitowa a 1930, Margie Hines ce ta yi ta. Questel ta shigo a 1931, bayan ta yi suna da cin gasar kwaikwayon mawaƙiya Helen Kane. Ita Kane ɗin ce ta maka kamfanin Fleischer da na Paramount a kotu a 1932 tana neman dala 250,000 a kan an sace mata salo, ta kuma sha kaye a 1934. Sunan Hines yana nan a shafi na huɗu na littafina, da hannuna na rubuta. Wajen taƙaita rubutu don ya shiga minti goma sha biyar na ga sunaye sun yi yawa, na tsallake wadda ba ta shahara ba, jimlar ta koma ƙarya. Kuma ba ƙaramar 'yar wasa ba ce: da kamfanin ya koma Miami a 1938 Questel ta ƙi bin su, Hines ce ta karɓi Olive Oyl, har ta auri Jack Mercer a 1939, Popeye da Olive suka zama miji da mata a zahiri.

Abin ya dame ni fiye da yadda ya kamata, don shirin nan gaba ɗayansa a kan mutanen da aka shafe sunayensu ne. Wanda na riga na tura ya tafi, ba a kamo shi. Na naɗi gyara na daƙiƙa hamsin, zan sa a farkon kashi na huɗu, na kuma gode mata a zauren.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Daren Mel Blanc, kuma daren da na fi jin daɗi tun da na fara.

Na sayo karas na 500 a bakin titi. An san cewa Blanc karas na gaske yake gatsa a gaban makirfo idan yana Bugs Bunny, sai ya tofar a kwandon shara maimakon ya haɗiye, don kada tauna ta tsare masa layi na gaba. Na ce bari in ga ko wani abu zai maye gurbinsa. Na jera yalo, kokwamba, rake da ɗanyen dankalin Hausa a faranti na shiga durowa da su. Yalo ƙararsa a dushe take. Kokwamba ruwa ya yi mata yawa, "caɓ" take yi. Rake kamar ana karya itace. Dankalin ya ɗan kusa, amma bakina ya yi ta ɗanɗanon ƙasa. Karas kaɗai ke ba da wannan "ƙaras" mai tsabta, kuma da na gwada haɗiyewa in ci gaba da magana sai ga ɓarɓashi a maƙogwaro, na ƙware. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Na koma tofarwa a roba.

Gwaji na biyu ya fi ban mamaki. Muryar Daffy Duck da ta magen nan Sylvester kusan abu ɗaya ne a bakin Blanc, mai cike da feshin miyau, sai dai ta Daffy ana ƙara mata gudu bayan an naɗa. Haka ake yi wa aladen nan Porky da ɗan tsuntsu Tweety. Na karanta jimla ɗaya da harshe tsakanin haƙora, na kwafe ta gida biyu, na ƙara wa ɗaya gudu kaɗan a Audacity. Da na saurara, wallahi kamar mutum biyu, ɗaya babba mai nauyin jiki, ɗaya ɗan ƙarami mai rawar kai. Wannan zai shiga shirin yadda yake.

Tarihin kuma: an haife shi a San Francisco a 1908, ya taso a Portland, ya fito ta rediyo. A 1937 ya karɓi Porky daga hannun Joe Dougherty, kuma labarin Dougherty ya tsaya mini a rai. Shi mai i'ina ne na gaske, don haka aka ɗauke shi ya yi aladen mai i'ina. Amma ba ya iya tsayar da ita inda ake so, naɗi ya riƙa jan lokaci yana cin kuɗi, sai aka kawo wanda zai yi i'inar ƙarya da za a iya aunawa. Na yi niyyar kwaikwayon Porky a shirin, na fasa. Akwai yaro mai i'ina a ajina, kuma na san shirin zai iya kaiwa wayar gidansu.

Sai maganar suna. Yadda Blanc ya riƙa faɗa, ƙarin albashi ya nema wurin mai kamfanin, Leon Schlesinger, aka hana shi, sai ya ce to a rubuta sunansa a fuskar fim. Daga 1944 aka fara. Ya ci riba, don sunan ya jawo masa ayyuka. Sai dai sunansa kaɗai ake sawa, har mutane suka ɗauka shi ke yin kowa. Arthur Q. Bryan ya yi kusan shekara ashirin yana Elmer Fudd, maharbin da ke bin zomon, har ya rasu a 1959, 'yan kallo ba su san shi ba.

Haɗarin motar na sa shi a tsakiya, na ba shi minti ɗaya da rabi kawai.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kashi na huɗu ya fita, minti 16, ya zarce amma na bar shi. Yau shekara 40 cif da rasuwar Clarence Nash. Na sake gwada "sannu da zuwa". Har yanzu "nn" ɗin ta ƙi.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Rubutun kashi na biyar ya ƙi zama. Na yaga sau biyu.

Matsalar ita ce labaran matan ba iri ɗaya ba ne, ni kuma ina ta ƙoƙarin cusa su a tukunya guda. Adriana Caselotti, 'yar wani malamin koyar da waƙa, tana 'yar shekara 18 aka zaɓe ta ta yi Snow White. Fim ɗin ya ci kusan dala miliyan 1.5 wajen yi, aka fara nuna shi ranar 21 ga Disamba, 1937, ya kuma tara kuɗin da ya gina wa kamfanin Disney sabon mazauni. Ita abin da ta samu gaba ɗaya dala 970, sunanta kuma bai fito ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma Grace Stafford daban ce. Matar Walter Lantz ce, mai katun ɗin Woody Woodpecker, tsuntsun nan mai ƙwanƙwasar itace da Blanc ya fara yi wa dariya a 1940. A 1950 ana neman sabuwar murya, ta naɗi tata a ɓoye ta cusa cikin na masu nema, mijin ya zaɓa bai san tata ba ce. Ita da kanta ta ce kada a sa sunanta, tana gudun kada yara su ji mace ce ke yin tsuntsun, sai a 1958 ta yarda. Ga kuma Bea Benaderet da June Foray da suka yi tsohuwar nan mai riƙon Tweety ɗaya bayan ɗaya, a ƙarƙashin sunan Blanc. Ga Lillian Randolph, baƙar fata, wadda ta yi matar gidan a Tom and Jerry, wadda kusan kullum ƙafafunta kawai ake nunawa. Wannan ta ƙarshe tana buƙatar bayani a kan yadda ake zana baƙaƙen fata a Amurka a wancan zamani, kuma minti biyu ba za su ishe shi ba.

Ina cikin wannan ƙanwata ta kira. Ta saurari kashi na uku da ƙawayenta a ɗakin kwanansu, ta ce musu ita ce Olive Oyl, suka ƙaryata ta. "Yaya, ka gode wa mai gyaran nan a kashi na huɗu, ni ko ambatona ba ka yi ba." Na ce ai na ɗauka ba za ki so a ji sunanki a waje ba. Ta ce, "Ka tambaye ni?" Ban tambaye ta ba. Na ce to yanzu na tambaya. Ta ce za ta yi shawara da Inna tukuna, amma kati na 1,000 ya zama 2,000.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Ana sa ran ganin wata gobe ko jibi, kashi na biyar bai samu ba. Na haƙura, sai bayan salla. Zan raba shi biyu: Caselotti da Stafford a ɗaya, Randolph da sauran a ɗaya, kuma ƙanwata ce za ta gabatar da su idan ta zo hutu, ni in koma wajen kwamfuta.

Lissafi zuwa yau: makirfo da abin kunne 13,500, data 9,000, kiret ɗin ƙwai 2,000 da ban amfana da su ba, zuma da kayan shayi 3,200, karas da 'yan'uwansa 1,300, katin ƙanwata 1,000 da bashin wata 1,000. Jimilla 31,000 idan na biya bashin.

Abin da zan yi cikin azumi, tunda ba naɗi: in sake bin rubutun kashi huɗun farko suna bayan suna, in gwada da littafina, kada a sake samun wata Margie Hines. In nemo ƙaramar fanka mai caji marar ƙara, don zuwa Afrilu durowar nan za ta zama tanda. In cire kiret ɗin ƙwai daga bango in ba mai shagon bakin layi, in sayi fenti kaɗan in shafe tabon salatif kafin Inna ta sake magana.